SOFAST ko dabarar Frydman, wacce ta fi dacewa da furotin?

Ɗan'uwa da ya yi tambaya jiya a zauren nan, wai yana so ya bi yadda furotin ke naɗewa a cikin bututun NMR (injin maganaɗisu da ake gano tsarin sinadarai da shi), tsakanin dabarun saurin awo guda biyu, SOFAST da dabarar Frydman, wacce zai ɗauka. Ga nawa ganin.

Ciwon da su biyun suke magani ɗaya ne. A HSQC, wato hanyar awon furotin ta yau da kullum, sai ka jira wajen sakan ɗaya bayan kowane sikan (ɗauka guda) kafin haidirojin su koma daidai, sikan ɗin kuma ɗaruruwa ne, kafin ka ƙare furotin ya gama abin da zai yi tuntuni, hoton ƙarshe kawai za ka tarar.

SOFAST, wadda Schanda da Brutscher suka fitar a Grenoble ta Faransa a 2005, jiran nan ta yi wa wayo. Haidirojin na amide (waɗanda ke maƙale da naitirojin a furotin) kaɗai take taɓawa, na ruwa da sauran na jikin furotin ta ƙyale su, su kuma su ne ke taimaka wa na amide su farfaɗo da wuri, sai ka ga 2D, wato taswirar ɗigo-ɗigon furotin, ta fito cikin 'yan sakanni kuma sigina da ƙarfinsa. Ka narka furotin ɗinka a D2O (ruwa mai nauyi, wanda haidirojinsa ba ya fitowa a taswirar) ka yi ta ɗauka a jere, za ka ga ɗigo-ɗigon suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya yayin da haidirojin na amide ke musaya da na ruwan, na waje su tafi nan da nan, waɗanda ke ɓoye a cikin helix (murɗaɗɗen sashen furotin) su yi ta turjiya.

Ta Frydman kuwa, Cibiyar Weizmann a Isra'ila, 2002, tana yanka tsayin samfurin da ke cikin bututu gida-gida da gradient (bambancin ƙarfin maganaɗisu daga sama zuwa ƙasan bututun), kowane gida ya tsaya a madadin sikan guda, 2D gaba ɗaya cikin ƙasa da sakan. Abin burgewa ne wallahi, amma sigina takan yi rauni sosai, in furotin ɗinka ba shi da yawa hayaniya kawai za ka kwasa. Ta fi kyau da ƙananan sinadarai masu yawa a cikin samfurin.

To kai SOFAST ce taka, in dai naɗewar tana cin sakanni zuwa mintuna.

Sai dai kada saurin ɗauka ya ruɗe ka, ba shi ne ganin motsi mai sauri ba. In motsin da kake farauta na mikirosakan zuwa milisakan ne, duk biyun ba za su kama shi yana faruwa ba, CPMG za ka nema, wata dabarar NMR mai auna irin wannan motsi, ita kuma sai ka bar mata injin ya kwana yana aiki.