Saiwar furen daliya da na saya, da yadda ta kasance da karena da kyanwata

Na sayi kwali guda na saiwar furen daliya ta intanet daga wani kamfani mai sayar da irin furanni, kuma sai da na jira kakar furen ta ƙare gaba ɗaya, daga shuka har zuwa tono, kafin na zauna rubuta abin da na gani. Ina ajiye kare da kyanwa a gida, saboda haka tambayar da ta fi damuna tun kafin in biya kuɗi ita ce ko wannan fure zai cutar da su. Ban sami amsar a shafin kamfanin ba, ban kuma same ta a takardar bayanin da aka saka cikin kwalin ba, wannan giɓi kuwa shi ne babban abin da zan tsaya a kai.

Game da kayan kansu, ba ni da ƙorafi mai yawa. Saiwa shida ce a kwalin, kowace kwance cikin garin katako, masu kama da tarin dankali dogaye da suka haɗu a wuya ɗaya. Biyar sun iso da nauyinsu, ba su yi yaushi ba, kuma kowace tana da ɗan ido a gindin tsohuwar kara, wanda daga nan ne sabon tsiro yake fitowa. Ta shidan ta karye a wuya, saiwar daliya kuwa idan ta rabu da idonta ba ta tsiro ko da ta kai girman me, amma da na aika musu hoto sai suka mayar mini da kuɗinta ba tare da jayayya ba. Sauran sun yi fure bayan kimanin wata uku, ɗaya daga cikinsu ja mai duhu wanda faɗinsa ya kusa kai na faranti. Wanda yake neman ƙamshi dai ya nemi wani furen, domin daliya ta ido ce kawai.

Asalin wannan tsiro ƙasar Meziko ne da yankin Amurka ta Tsakiya, kuma tun shekarar 1963 Meziko ta ɗauke shi a matsayin furen ƙasa. Mutanen can sun daɗe suna cin saiwarsa, wadda take tara wani nau'in sinadari mai suna inulin maimakon sitaci, kuma ina zaton daga nan ne wasu suke ɗauka cewa abin da mutum ya ci bai mutu ba, dabba ma za ta ci lafiya. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, wadda aka kafa a 1866 kuma take da cibiyar kula da dabbobin da suka ci guba, ta saka daliya cikin jerin tsirrai masu illa ga karnuka da kyanwoyi da dawaki. Sai dai illar da ta bayyana mai sauƙi ce, wato ɓacin ciki kamar amai ko gudawa, da kuma ɗan ƙaiƙayi ko jan fata. Saboda haka amsa ta gaskiya ita ce daliya ba abincin dabba ba ce, amma ba ta cikin furannin da ake yi wa kallon masu kisa.

Abin da ya faru a lambuna ya yi daidai da wannan bayani. Kwana huɗu da yin shuka, na fito da safe na tarar da rami a inda na binne saiwa ta uku, karen kuma yana kwance a gefe da ƙasa a hancinsa, rabin saiwar a tsakanin ƙafafunsa da shatin haƙora a jikinta. Ya yi amai sau biyu kafin azahar, ya ƙi cin abinci, yana ta lasar leɓe. Likitan dabbobi da na kira ya tambaye ni nauyinsa da yawan abin da ya ci, ya ce in bar masa ruwa a kusa, in sa masa ido, in kawo shi idan aman ya ci gaba ko jikinsa ya mutu. Washegari ya ware kamar ba shi ba.

Amma tambayar da likitan ya yi mini daga ƙarshe ce ta buɗe mini ido, domin ya ce, me na zuba a ramin kafin in binne saiwar? Takardar kamfanin ce ta ba da shawarar a zuba ɗan takin garin ƙashi a gindin kowace saiwa, ni kuwa na bi umarnin sau da ƙafa. Ashe ba saiwar ce ta ja karen ba, ƙanshin ƙashin ne, saiwar tsautsayi ne kawai ya rutsa da ita. Garin ƙashi idan kare ya ci shi da yawa yana iya dunƙulewa a cikinsa ya toshe hanya, har a kai ga yin tiyata. Kamfanin da ya san cewa da yawa daga masu sayen kayansa suna da karnuka bai kamata ya rubuta wannan shawara ba tare da jimla ɗaya ta gargaɗi ba.

Haka kuma takardar ta ce a watsa ƙwayoyin maganin dodon koɗi da zarar tsiron ya leƙo, domin waɗannan halittu suna matuƙar son ɗanyen ganyen daliya, amma ba ta faɗi wane iri ba. A nan ne gizo yake saƙa. Akwai irin da ake yi da sinadarin metaldihayid, wanda karnuka suke ci da marmari, kuma cikin 'yan sa'o'i yana kawo makyarkyata, da farfaɗiya, da zafin jiki mai tsanani, ba shi kuma da takamaiman makari. Haɗarinsa ga dabbobi da tsuntsaye ne ya sa Birtaniya ta haramta amfani da shi a lambuna da gonaki daga watan Afrilun 2022, amma har yanzu ana sayar da shi a wasu ƙasashe. Wanda ake yi da sinadarin ƙarfe ya fi sauƙin illa, ko da yake shi ma ba abin barin buhunsa a buɗe ba ne. Ni dai na gwammace in fita da fitila da dare in tsince dodon koɗin da hannu.

Kyanwar ba ta kula da lambun ba sam, sai da na yanko furanni na saka a kwalba a kan tebur, sannan ta tauna ganye ɗaya ta tofar, ta ɗan zubar da miyau, shi ke nan. Abin da ya tayar mini da hankali game da ita yana shafin kamfanin ne, inda suke tallan wani kwali da ya haɗa daliya da furen lili a matsayin kyakkyawan haɗi. Lili ga kyanwa wani al'amari ne dabam. Ganyensa, da furensa, da garin furen da kan manne a gashinta ta lashe, har ma da ruwan kwalbar da aka saka shi, duk suna iya kashe mata ƙoda, kuma idan aka yi jinkirin magani ya wuce kamar sa'a 18, sau da yawa ƙodar ba ta dawowa. Mai kyanwa da ya karanta cewa illar daliya kaɗan ce, ya sayi wannan kwali da kwanciyar hankali, zai shigo da ajalin dabbarsa gida da hannunsa.

Na rubuta wa kamfanin duk wannan. Sun amsa cikin ladabi, suka ce za su miƙa wa sashen da abin ya shafa, amma da na sake duba shafin a ƙarshen kaka, kwalin haɗin yana nan yadda yake, babu ko kalma ɗaya game da dabbobi.

Zan sake sayen saiwar daliya a wurinsu, domin ingancinta ya cancanci kuɗinta, amma ba zan sake bin takardarsu ba. Bayan abin da ya faru na shimfiɗa ragar waya a kan fangalin har tsiron ya yi ƙarfi, na daina amfani da garin ƙashi, furannin da na yanko kuma suna ɗakin da kyanwar ba ta shiga. Saiwar da na tono a ƙarshen kaka ta ninka wadda na shuka, har da wadda karen ya cinye rabinta, domin idonta ya tsira kuma ta yi fure, ko da yake ta makara da mako biyu. Yanzu duk suna cikin kwali mai murfi a saman kanta mafi tsawo a ɗakin ajiya, inda hancinsa ba ya kaiwa.