Na kai wa Baba mai dashe 'yar bishiyata tana gargara

Sai da Baba ya kife tukunyar a tafin hannunsa, ya zaro bishiyar da ƙasarta gaba ɗaya, ya kai hanci ya sansana, sannan ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, sau nawa kike ba ta ruwa?" Na ce kullum, safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Har da ɗan alfahari na faɗa. Ya girgiza kai. "To ai ba ƙishi ke damunta ba. Nitsewa take yi."

Wata huɗu ina tambayar mutane a kan bishiyar nan, wannan ce magana ta farko da na ji wadda aka yi bayan an duba saiwa. Malamai biyu a makarantar da nake koyarwa sun tambaye ni inda na kai ta har ta farfaɗo, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, da daɗin da rashin daɗin.

Ɗana ne ya kawo mini ita daga Abuja cikin watan Agusta. Irin 'yan bishiyoyin nan ne da ake kira bonsai, kalmar Japananci mai nufin shuka a cikin faranti, ko da yake daga Sin sana'ar ta samo asali kafin ta ƙetara Japan. Tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Gindinta ya kumbura ya rabu biyu kamar saiwar rogo, sama kuma ganye ne ƙanana masu sheƙi. A takardar da ke rataye jikinta an rubuta Ficus microcarpa. Surukata da ta gan ta a falo cewa ta yi, "Wannan wace irin itace ce, ba inuwa ba 'ya'ya?" Ban da amsa, amma ina son abata.

Har ƙarshen Oktoba lafiya lau. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ganye ya soma rawaya yana zuba, yau uku gobe biyar. Na ce bushewar iska ce, na ƙara ruwa. Zubar ta ƙaru. Wani mai sayar da fulawa da na kwatanta wa a baki ya ce yunwa ce, ya auno mini takin zamani, NPK ɗin nan 15-15-15 da ake zuba wa masara, na barbaɗa cokali guda. Cikin mako ɗaya bakin sauran ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Na ɗauke ta daga falo na kai tsakar gida, na ga rana ta yi yawa na mayar ɗaki, na sake fitowa da ita baranda. Zuwa Fabrairu ganye goma sha ɗaya suka rage, na ƙirga, kuma tun Nuwamba ba ta fitar da sabon toho ko ɗaya ba. Ba ta mutu ba, ba ta kuma motsa ba. Ta tsaya cik.

Direban makarantarmu ne ya ce in gwada wani dattijo cikin masu dashen da ke jere bakin titi in an nufi hanyar Dutsin-ma. Ba allo, ba suna. Rumfar zana ce a ƙarƙashin bedi, da layin dashen mangwaro da gwaiba da lemu cikin baƙar leda, da duro biyu na ruwa. Yaron da na fara tararwa ko kallon kirki bai yi wa bishiyar ba ya ce akwai wani taki na ruwa a kwalba mai tayar da komaɗa. Saura ƙiris in saya. Baban ne ya taso daga inda yake cika leda, ya goge hannu a riga, ya ce wa yaron ya mayar da kwalbar.

Abin da ya fara burge ni, bai yi mini ƙaryar sani ba. Ya ce shi bai taɓa renon irin wannan ba. Amma ya tsinki ganye guda, farin ruwa mai danƙo ya tsattsafo, ya murza tsakanin yatsu, ya ce, "Wannan ai 'yar uwar cediya ce. Dangin durumi da gamji da ɓaure." Kuma haka ne, duk gida ɗaya suke a wajen masana tsirrai, sai dai ita tawa asalinta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ne masu ɗumi da laima. Ya nuna mini wani ɗan tabo a inda rassan suka fito daga kumburarren gindin, ya ce, "'Yar aure ce, kamar mangwaro. Gindin daban, kan daban." Wata shida tana gabana ban lura ba.

Daga nan ya shiga bincike, kuma wannan ne ainihin abin da na biya kuɗi a kansa. Ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana kankare ɓawon da farce, ɗan kaɗan. Inda ya ga kore da damshi a ƙarƙashi ya ce da rai. Inda ya ga ruwan ƙasa a bushe ya karya ya ji ƙas. Cikin rassa bakwai, huɗu na da rai. Ya nuna mini ɗan tsinin da ke bakin kowane reshe, wanda sabon ganye ke naɗe a ciki kafin ya buɗe. A bishiya mai lafiya kore ne shar, a tawa duk sun ƙanƙance sun yi baƙi. Ya ce ko cediyar ƙofar gida in kana son ka san tana tafiya ko ta tsaya, nan za ka duba.

Sai tukunyar. Ashe biyu ce. Ta waje, mai ƙyalli da zanen fulawa, ba ta da huda ko ɗaya a gindi, ta roba ce a ciki mai huda. Duk ruwan da nake zubawa safe da yamma yana taruwa a ƙasa, bishiyar na zaune ciki kamar an jiƙa wanki an manta. 'Yan tsakuwoyin ado da ke sama kuwa da gam aka manne su, sai da ya sa wuƙa ya ɓamɓare. Abin da ke ƙarƙashi ba ƙasa ba ce, wani abu ne kamar dusar ɓawon kwakwa, ya jiƙe ya dunƙule yana warin kwata. Saiwoyi ƙanana da ya kamata su zama farare masu ƙarfi sun yi baƙi, in ya ja sai fatar ta saɓule ta bar zare. A bakin robar kuma ga wani farin gishiri-gishiri ya daskare, wanda ya ce rabi na takin ne, rabi na ruwan burtsatse.

Bayaninsa a taƙaice yake, amma ya zauna mini. Saiwa tana numfashi. In ruwa ya cike duk kafofin ƙasa ta rasa iska sai ta ruɓe, kuma saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi kamar na mai ƙishi, mai shi ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ga shi lokacin sanyi ne. Irin wannan bishiya in dare ya sauka ƙasa da digiri 15 takan rage aiki, shanta ya ragu, kuma kowa ya san daren Disamba da Janairu a Katsina. Wato a daidai lokacin da take buƙatar ruwa kaɗan ne na ninka mata. Takin kuwa ya ce kamar a ɗura wa mai ciwon ciki tuwon dawa ne. Yawon da nake yi da ita daga falo zuwa tsakar gida shi ma laifi ne, domin dangin nan ko lafiyarsu ƙalau in aka canza musu wuri sukan zubar da ganye kafin su saba.

Bai gama ba sai da ya juya ganyen ya duba bayansu da hammatar rassa. Ya tono wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga, jikin ganyen na danƙo. "Darɓa ce. Ba ki ga tururuwa na hawa ba?" Na gani mana, na ɗauka sukarin shayi suke bi.

A gabana ya yi aikin. Ya wanke saiwar tas cikin bokiti, ya goge almakashi, ya yanke duk wadda ta ruɓe har sai da ya kai inda yake fari. Kusan rabi ya tafi, gabana na faɗuwa. Ya haɗa sabuwar ƙasa: yashin gulbi mai tsakuwa wanda ya tankaɗe ya zubar da laushin, tsingaro da ya daddaka kamar girman wake, gawayi dakakke, da ɗan ruɓaɓɓen ganye kaɗan. Ba taki, ko na dabbobi. Ya sa ta a kaskon ƙasa mai huda uku, ya ɗaure gindin da zare don kada ta yi rawa sabuwar saiwa ta tsinke, ya zuba ruwa. Kafin ya ajiye butar ruwan ya fito ta ƙasa. Ya ce haka ake so. Ƙwarin kuma ya goge su da tsumma, ya ce zai fesa ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, da ɗan sabulu, da yamma in rana ta yi sanyi, mako-mako har sau uku. Ya kifa mata farar leda mai huji-huji don ta riƙe laima, ya ajiye ta a inuwa inda hasken safe ke taɓawa. Ya ce in bar ta mako biyu.

To, nan za mu zo inda ban ji daɗi ba. Mako biyun nan sai da ya zama biyar. Wayarsa kullum a kashe, ko yaron ya ɗauka ya ce Baba ya tafi gona. Sau biyu ina biyan kuɗin Keke Napep in je in tarar ba ya nan. Da na same shi ya ce ai bai ga alamar da yake jira ba ne, wanda na yarda gaskiya ce, amma da ya aiko mini da saƙo da ban yi ta zarya cikin rana ba.

Na biyu ya fi ci mini rai. Akwai wani reshe da ya karkata gefe, shi ne ya ba bishiyar kyanta, rabinsa na da rai. Na dawo na tarar ya sare shi daga tushe, ba tare da ya tambaye ni ba, ya bar tabo kamar kwabo. Da na yi magana ya ce, "Hajiya, ai zai janye mata ƙarfi." Ta fuskar mai dashen mangwaro yana da gaskiya. Amma bonsai siffa ce, shekaru ake yi ana tanƙwara reshe ɗaya da waya. Wannan ɓangaren Baba bai san shi ba, kuma bai damu ya sani ba. Duk wanda zai kai masa tasa, ya faɗa masa tun farko, da babbar murya, kada ya yanke mai rai sai an yi shawara.

Sai maganar kuɗi. "Ki ba da abin da ya sawwaƙa." Ni wannan magana wahala take ba ni, don ko nawa na bayar sai in tafi ina tunanin na ƙware shi ko na yi wauta. Na ba shi naira 7,000 har da kuɗin kaskon, ya yi godiya, ban san ko daidai ba ne har yau. Kaskon ma ba kyau gare shi ba, ya fi kama da na turaren wuta, amma ya ce kada in kuskura in sake taɓa saiwar sai ta shekara.

Ranar da na ɗauko ta, ƙarshen Maris, ganye shida ne a jikinta, ƙasa da yadda na kai ta. Sai da ya kama hannun rigata ya nuna mini wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore a jikin tsohon itacen, kamar kan allura, guda tara. Ya ba ni tsinken tsire, ya ce in soka cikin ƙasar in bar shi minti goma, in ya fito da damshi in ajiye buta, in ya fito a bushe in zuba har ya zubo ta ƙasa. Ba ranar ban ruwa, tsinke ne ke faɗa. A zafin Afrilu, da ake haura digiri 40, kullum tsinken ke fitowa a bushe, wani lokaci har sau biyu. Da damina ta sauka sai in yi kwana uku ban zuba ba. Wuri ɗaya na ba ta, gefen gabas na baranda, rana ta same ta zuwa ƙarfe goma sannan inuwa ta rufe. Taki sai da sabon ganye ya yi ƙwari a watan Mayu, shi ma 'yan ƙwayoyi huɗu na narkar cikin babbar robar ruwa. Ruwan sama nake tara mata yanzu a bokiti, farin gishirin nan bai dawo ba.

Wani toho mai manyan ganye ya fito daga kumburarren gindin cikin Yuli, ya fi kowane reshe sauri, har na yi murna. Na ɗauki hoto na kai masa. Ya ce in cire shi yau ɗin nan, na gindin ne ba na auren ba, in na bar shi zai shanye na saman kamar yadda mangwaro ɗan aure ke komawa na gargajiya. Wannan shawarar kyauta ya ba ni, a tsaye, yana ɗaure wa wani dashen lemu a bayan babur.

Yanzu na daina ƙirga ganye. Gefen da aka sare reshen har yau fayau yake, na juya shi wajen bango. Zuwana na ƙarshe na kai masa 'yan rassan da na rage, don ya roƙe ni kada in zubar, ya soka su cikin yashi kamar yadda ake kafa cediya. A bayan duron ruwa kuma na hango wani kasko da wani guntun itace mai kauri a ciki, an ɗaɗɗaure rassansa da wayar wuta. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce cediya ce ya saro a garinsu, yana son ya ga ko tamu ma za ta yarda ta zauna a kasko.