Murjanin Ricordea da Zoanthus a tankin gilashi: abin da na gani cikin wata takwas a Katsina

Idan aka ambaci murjani a Katsina, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jan dutsen wuyan da iyayenmu mata suke ado da shi, wanda na asalinsa daga Bahar Rum ake cirowa. Wanda nake magana a kansa mai rai ne, ƙananan dabbobi ne da suke manne a jikin dutse cikin ruwan gishiri, kuma na sayi gutsattsari uku daga wani mai sayar da kifin ado a Legas domin tankina mai cin lita 80 da ke gidana a Ƙofar Ƙaura.

Abin da ya fara burge ni game da mai shagon shi ne yadda ya hana ni sayen Acropora, murjanin nan mai rassa kamar ƙahon barewa, duk da cewa ya fi tsada kuma da shi zai fi samun riba. Da ya ji daga inda nake, sai ya ce irin wannan ba ya jure sauyin zafi ko ɗaukewar wuta, ya nuna mini masu taushin jiki. Kayan sun zo a jaka cikin akwatin soso, ta jirgi zuwa Kano, daga nan mota ta ƙaraso da su, kuma babu wanda ya mutu, ko da yake ɗaya ya yi kwana uku a tsuke kafin ya buɗe.

A cikin ukun, Ricordea florida, wanda asalinsa daga tekun Karibiyan yake, shi ne ya biya ni kuɗina. Faɗinsa bai wuce santimita 4 ba, kamar ƙaramin faifai da aka jera wa ƙananan duwatsun ado masu ruwan lemo, bakinsa kuma kore. Ba ya son haske mai ƙarfi ko ruwa mai bugu, saboda haka na ajiye shi can ƙasa kusa da yashi. Girmansa a hankali ne, domin cikin wata takwas sau ɗaya kawai ya rabu biyu, kuma ga mai ƙaramin tanki wannan jinkirin alheri ne, tunda ba zai cinye wurin maƙwabtansa ba.

Zoanthus ya fi shi saurin yaɗuwa, yana shimfiɗa ƙananan kawuna a kan dutse kamar tabarma. A nan ne nake da ƙorafi biyu. Na farko, hoton da aka turo mini an ɗauke shi ne ƙarƙashin shuɗin fitila, wadda ke sa launin murjani ya yi ta walƙiya, amma da na kunna farar fitila sai na ga jan ya koma kusan ruwan ƙasa. Duk mai saye daga nesa ya nemi hoto a farin haske kafin ya tura kuɗi. Na biyu ya fi muni: babu ko layi ɗaya na gargaɗi a kan akwatin, alhali wasu daga cikin dangin wannan murjani, musamman Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna palitoksin wadda ke shiga ta rauni ko ta ido. Ba a taɓa su sai da safar hannu da tabarau, ba a kuma tafasa dutsen da suka zauna a kai, domin tururin ma yana cutarwa. A gida mai yara, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Murjani na ukun, wani kore mai kama da ciyawa, da na sani ban saya ba, domin yana hawa kan duk abin da ya taras, har sai da na ware masa dutsensa shi kaɗai.

Gwajin gaskiya ya zo ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, alhali ruwan tanki yana buƙatar zama tsakanin 24 da 26. Murjani yana samun yawancin abincinsa ne daga wata gansakuka da ke zaune cikin naman jikinsa, kuma idan ruwa ya daɗe a sama da digiri 30 sai ya kore ta, ya yi fari fat. Da fanka a saman ruwa, da robobin ƙanƙara da rana, da batirin sola da ke riƙe famfo in an ɗauke wuta, na samu suka tsallake. Zoanthus ya ɗan koɗe, Ricordea kuwa ko gezau. Fankar tana ƙafar da ruwa sosai, kamar yadda iskar hunturu ke yi, don haka kullum nakan ƙara tataccen ruwa marar gishiri domin ma'aunin gishirin ya tsaya a 1.025, ban kuma taɓa zuba ruwan burtsatse kai tsaye ba.

Zan sake sayen Ricordea daga wannan shagon, shuɗi a wannan karon, amma sai Nuwamba idan gari ya yi sanyi, domin ba zan yarda akwatin ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar bazara ba.