Tafiyata Hainan: na shiga ta Haikou na fito ta Sanya

Bayan na gama lodin kayana a Guangzhou kwana biyar suka rage min kafin jirgin gida, sai abokina da muke zama tare a unguwar Xiaobei ya ce mu leƙa Hainan mu sha iskar teku, tsibirin nan na kudancin Chana da aka cire daga Guangdong aka mai da shi lardi a 1988. Watan Janairu ne, ashe lokacin ne mutanen arewacin ƙasar ke gudo wa sanyi su cika Sanya, birnin bakin teku da ke kudancin tsibirin, maƙil, da na ga kuɗin tikitin Sanya kai tsaye na ce a'a wallahi ba da guminmu ba.

Sai muka yanki na Haikou, babban birnin lardin, ya fi sauƙi sosai kuma tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Amma fa nan na yi wauta, na ga tikiti mai araha a waya na danna kawai ban karanta ƙananan rubutun ba, ashe babu kuɗin akwati a ciki, jakar hannu kaɗai. A wajen awon kaya ma'aikaciyar ta ɗora akwatina a sikeli ta rubuta lamba a kalkuleta ta juyo min da ita, ba ta jin Turanci ni ba na jin Chanisanci, abin da na biya ya kusa cinye rangwamen gaba ɗaya. Cikin jirgin ba laifi, akwai tsafta, sai dai kujera ta matse ni gwiwa na dukan ta gaba, ruwa ma saya ake yi. Sannan fawa bank ɗina ya tafi a wajen bincike, don tun Yunin 2025 ba a shiga jirgin cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC na ingancin kaya a Chana, nawa kuwa rubutun jikinsa duk ya goge.

Abin da ya burge ni shi ne filin jirgin Meilan na Haikou, tashar jirgin ƙasa mai gudun nan tana nan haɗe da shi, ka sauko ƙasa ka nuna fasfo shikenan. Layin gabas muka bi ta Wenchang da Qionghai da Wanning, bishiyoyin kwakwa ta taga har ido ya gaji, ba mu cika awa biyu ba sai ga mu a Sanya. Ni dai wannan hanyar ta fi min, ka rage kuɗi kuma ka ga tsibirin a bati. Mai tsoho ko yara da kaya niƙi-niƙi kam gara ya daure ya sayi na Sanya.

Dawowa ta filin Phoenix na Sanya muka tashi, a wannan karon na sayi tikiti mai kilo 20 na huta. Kusa da filin akwai unguwar Musulmi da ake kira Huihui, 'yan ƙabilar Utsul ne, da masallatansu da gidajen abinci na halal, can muka yi azahar muka ci gasasshen kifi da shinkafa kafin mu shiga. Jirgin ya yi lattin kusan awa biyu ba wanda ya ce mana uffan, sai allo kawai ke canja lokaci, da na sani da na ƙara kifi ɗaya.