Kujerar ofis mai raga a baya: wata takwas ina kanta, ga abin da na gani

Tun kullen korona na 2020 nake aiki daga gida, lissafin kuɗi nake yi wa wani kamfani da ke Abuja. Duk shekarun nan a kan gado nake aikin, kwamfuta a kan filo, in na gaji in sauko kafet in jingina da bango. Ranar da na kasa ɗagowa daga ruku'u a sallar la'asar sai da na dafa bango, ranar Abban yara ya ce gobe sai Dala. A asibitin ƙashi na Dala, nan Kano, aka tura ni wurin masu gashin ƙashi. Matar da ta duba ni ta tambayi yadda nake zama, na kwatanta mata, ta ce in nemi teburi da kujera mai tokare ƙugu, tafin ƙafata ya taɓa ƙasa, gwiwar hannuna ta yi daidai da teburin, saman allon kwamfuta kuma ya zo saitin idona.

Shi ya sa na sayi kujerar nan a wani shago a Sabon Gari, irin mai juyi da taya biyar, bayanta raga. Kun dai san kuɗinsu yanzu, sai da na haɗa da kuɗin adashina.

Hakkinta ne in faɗi alherinta. Sati uku da fara zama a kanta na daina tashi da ciwon ƙugu da asuba. Ragar nan kuwa ni'ima ce a garin nan. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar leda a watan Afrilu, zafi ya haura 40, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ya san yadda riga ke manne wa mutum a baya. Wannan iska na ratsa ta. Da a wata na biyu aka ce in yi sharhi, da na ce kowa ya je ya saya.

A wata na huɗu abin ya faru, kuma a ranar da ta fi kowace muni: ƙarshen wata, muna taro ta Zoom, ina bayanin lissafi gaban oga da baƙi biyu. Sai na ji ina yin ƙasa a hankali. Na ja ƙarfen gefe na ɗaga ta, ko minti biyar ba a yi ba ta sake sauka. Sau huɗu a taro ɗaya. Hankalina ya rabu, na karanta adadin da ba shi ba, oga ya gyara mini a gaban mutane. Mai aiki daga gida ba ta da wata shaida sai aikinta, ba a ganin zuwanta ba a ganin tashinta, don haka abin ya tsaya mini a rai. Kwana biyar ina aiki a kanta a sauke, kafaɗa a ɗage don in kai teburi, sai ga ciwon ya dawo, wannan karon har wuya.

Na ɗora ta a adaidaita sahu tun daga Rijiyar Zaki, shata, don ba mai yarda a cusa masa kujera a gefe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san me shata ke nufi. Ga cunkoson Kabuga, ga rana.

Mai shagon ya duba ya ce, "Hajiya, silinda ce ta tafi." Ya yi mini bayani cewa ƙarfen tsakiyar nan iska ce a matse a cikinsa, in robar da ke toshe ta ta ci sai ta riƙa zurarewa. Na ce to madalla, ai ka ce da garantin shekara. Sai ya ce garanti ba ya ɗaukar silinda. Na ce, "Malam, ranar da kake karɓar kuɗina ba ka ware komai ba." Ya ce ko yara na wasa da ita. Na ce ɗakin a kulle yake in na tashi. Sai ya kalle ni ya ce, "To, wani lokacin nauyi ne, Hajiya." A gaban yaran shagonsa.

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na ciro rasit, sai a lokacin na lura ba a rubuta garanti ko'ina ba, da baki kawai aka yi. Da arha na bi da sai in ce arha ba ta ado, to ba arha na saya ba, mai tsadar ya nuna mini ya ce ita ce mai ƙarko. Da ya ga ba zan tafi ba ya ce in bar ta, kaya na hanya daga Legas, sati ɗaya. Na bar ta sati biyu na koma kan kafet. Da na gaji na je na ɗauko abata yadda na kai ta, wani kuɗin shatan kuma.

Wanda ya cece ni mai gyaran famfon unguwarmu ne. Ya zo gyaran tanki, ya ga kujerar, ya auna tsayin da nake so, ya yanko guntun bututun roba irin na ruwa ya zura wa ƙarfen tsakiyar. Tun ranar ba ta ƙara sauka ba. Ba ta hawa ba ta sauka yanzu, tsayina kaɗai ta sani, amma ni ɗin ce mai ita. Ya ƙi karɓar ko sisi, sai da na matsa.

Akwai kuma abin da ba laifinta ba ne amma ya kamata mai saye ya sani. Daɗin zamanta yana sa mutum ya manta da tashi. Da na koma wurin mai gashi ta ce babu kujerar da ke maye gurbin motsi, in riƙa miƙewa duk rabin awa, in kuma nemi tafiyar ƙafa ta kai minti 150 a sati, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Yanzu da kaina nake raka yara Islamiyya bayan la'asar, in dawo a ƙafa, kuma da an kira magariba nake rufe kwamfuta ko da saura.

Ƙanwata ta tambaye ni ko ta saya. Na ce ragar da tudun ƙugun sun cancanci kuɗinsu, amma ta zauna a kai a shagon ta ɗaga ta sauke sau goma, kuma kada ta ba da naira ɗaya sai an rubuta mata garanti a rasit, da sunan silinda a ciki. Shagon kuwa na hana ta zuwa. Soson mazaunin ma ya fara kwanciya ta gefen dama, wata takwas kacal. Silindar da aka yi mini alkawari har yau ban gan ta ba, kuma duk Litinin sai na kira mai shagon, don hakkina ne.