Daren da muka nemi asibiti a Kiribi

Kwana huɗu muka ware wa Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, ni da maiɗakina da yara uku. Daga Ngaundere muka hau jirgin ƙasan dare zuwa Yawunde, daga nan muka shiga mota ta hanyar Edeya. Yaran ba su taɓa ganin teku ba. Ranar farko muka kai su inda kogin Lobe ke zubowa kai tsaye cikin teku, muka ci gasasshen kifi a bakin ruwan Mboamanga, kowa ya kwanta da murna.

Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, uwar yara ta tashe ni. "Alhaji, taɓa jikin Auta ka ji." Yarinya 'yar shekara shida, jiki kamar garwashi, haƙoranta na kaɗawa. Muka ba ta farasitamol ta amayar. Muka sake, ta sake amayarwa.

A nan na gane ban shirya ba. Na san inda ake sayar da jatan lande, na san kuɗin kwalekwale, amma ban tambayi kowa inda asibiti yake ba. Maigadin masaukinmu ne ya fitar da mu, wani dattijo ɗan arewa da muke gaisawa da Hausa tun isowarmu. Ya ce akwai asibitin gwamnati na gunduma a cikin gari, akwai na Ebome ta hanyar Lobe, sannan akwai wani ƙarami mai zaman kansa kusa da mu da ba ya rufewa. Muka zaɓi na kusa. Shi ya buga wa ɗan acaɓa waya, waɗanda a can ake kira bensikin, don a wannan lokacin ba ka ganin tasi a titi.

Abin da ya ƙona min rai shi zan fara faɗa. Muna shiga, yarinya na kafaɗata, aka nuna min tagar biyan kuɗi. Sai na sayi ɗan littafin mara lafiya, na biya kuɗin ganin likita, aka buga hatimi, sannan aka taɓa ta. Na san haka tsarin yake a wurare da dama a Kamaru, amma minti goman nan sun yi min tsawo ƙwarai. Kuma tsabar kuɗi suke so. Na ce zan tura ta waya da Orange Money, mai karɓa ya ce da dare ba sa yi. Allah ya sa akwai sefa 20,000 a jakar maiɗakina.

Daga nan kuwa ba ni da abin cewa sai godiya. Ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki ta ɗora Auta a sikeli, ta auna zafin jikinta, ya wuce digiri 39. Ta soki ɗan yatsanta, ta ɗiga jinin a abin gwaji, ta ajiye a gabana. Kafin minti ashirin layi biyu suka fito: zazzaɓin cizon sauro. Na ce lallai sauron bakin teku ne. Ta girgiza kai, ta ce cutar ba ta bayyana sai an yi aƙalla mako guda da cizon, daga gida muka taho da ita. Ta kuma bayyana min dalilin da ya sa ba za ta ba da ƙwaya ba: yaron da ke amai ba ya riƙe magani a ciki, dole sai allura. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi mata allurar atesunet, maganin zazzaɓin cizon sauro, ta jijiya, aka ce ta biyu bayan awa 12, ta uku idan awa 24 ta cika.

Abu ɗaya da ba zan manta ba: hannun Auta ya yi laushi, jijiya ta ƙi samuwa. Matar nan ba ta yi ta tsira mata allura barkatai ba. Ta jiƙa tawul da ruwan ɗumi ta naɗe hannun, tana yi mata magana a hankali da Faransanci, yarinya ba ta jin ko kalma ɗaya amma ta yi shiru. Sau ɗaya ta soka, ta samu.

Ɗakin da aka ba mu ƙarami ne, gado biyu, gidan sauro mai kyau, zanen gado wankakke. Wuta ta ɗauke gab da asuba, janareta ya tashi ba jimawa. Abinci da ruwan sha mai jinya ke nemowa. Wani maganin babu shi a wurinsu, aka rubuta min takarda aka ce in nemi farmasin da ke gadi a wannan makon, don da dare ba duka suke buɗewa ba. A ƙofar wanda na tarar a rufe na karanta sunan farmasin da ke gadin, ɗan bensikin ya kai ni.

Likita ya zo da hantsi, ya duba ta sosai, har cikin fatar idonta. Na tambaye shi, da abin ya fi haka fa? Bai ɓoye min ba, ya ce manyan matsaloli Duwala ake turawa, tafiyar kusan awa uku. Wannan ya tsaya min a rai, domin mahaifiyata mai ciwon suga ta so biyo mu.

Wanda ba ya jin Faransanci zai sha wuya wurin bayani, maiɗakina sai da na riƙa fassara mata komai. Idan za ka Kiribi da iyali, tun ranar isowa ka tambayi mai masauki asibitin da ke kusa, ka karɓi lambar ɗan bensikin guda, ka ajiye tsabar kuɗi gefe.

Bayan allura ta uku aka sallame mu da ƙwayar zazzaɓin, Coartem, ta kwana uku, aka ce ta riƙa sha bayan ta ci abinci mai maiƙo ko ta sha madara. Muka ƙara kwana biyu a garin har ta ji ƙarfi. Safiyar da za mu tafi ta ce sai ta yi ban kwana da teku, na goya ta zuwa bakin ruwa ta tsoma ƙafa.