Hattara da masu tallar tocila mai "lumen 100,000" a Jos

Assalamu alaikum jama'a. Na jima ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, saboda ni ne na karɓi kuɗin mutane na tura, kuma abin da kunya. Amma jiya na ga tallar ta sake faɗo mini a waya da sabon suna, na ce shiru ba nawa ba ne.

Ni ne ma'ajin 'yan sintirin layinmu a Anguwan Rogo. Wanda ya taɓa zagaya lungu da ƙarfe biyun dare an ɗauke wuta, ga sanyin hunturun Jos ga hazo, ya san tocila ita ce rabin aikin. Namu sun gaji. Sai wani yaro a cikinmu ya nuna mini bidiyo a Facebook: mutum tsaye a kan dutse cikin duhu, ya kunna tocila, haske ya miƙe kamar sanda ya sauka a kan wani gini can nesa. Samfuri uku suke sayarwa. Ta lumen 20,000 naira 9,000, ta lumen 50,000 naira 14,000, sai wadda suka ce sabuwa ce da aka inganta, lumen 100,000, naira 19,500. Batirinta wai 9900mAh (ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa ke nan), kwana biyu ba caji, ruwan sama ba ya shigarta.

Muka yi karo-karo na tura 97,500 na manya guda biyar, da kuɗin mota. Wani dattijo maƙwabcina ya ce shi ƙaramar ta ishe shi zuwa masallaci da asuba, ya ba ni 9,000 na haɗa. Wannan ƙaramar ce daga baya ta tona asiri.

Kaya dai sun iso, na ɗauko su a tasha ta Bauchi Road. Daren farko har tafi aka yi. Kafin minti goma haske ya fara sanyi, kafin awa guda ya koma kamar na waya. Dare na uku ɗaya ta ƙi ɗaukar caji, wata kuma ta ɗau zafi a kan caja har mai ita ya cire da tsumma. Na kira lambar, aka ce in yi haƙuri in caja su awa takwas. Na sake kira, aka ce hazo ne ke cinye hasken. A karo na uku aka toshe ni a WhatsApp.

Na kwashe su duka zuwa wurin wani mai gyaran waya a wajen Terminus, mutum ne da ya daɗe yana harkar batura da fitilun sola. Ya kwance babba ya kwance ƙarama, ya jera kayan cikinsu a kan tebur, ya ce, "Alhaji, duba da kanka." Ƙwan ciki iri ɗaya, allon wuta iri ɗaya, batiri iri ɗaya. Bambancin kawai babbar an ƙara mata faɗin kai, an buga wata lamba a kwali. Naira 10,500 muka ƙara a kan kowace ɗaya don sifilai.

Daga nan ya yi mini lissafin da, da na san shi, ko kwabo ba zan tura ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Lumen ma'aunin jimillar hasken da fitila ke fitarwa ne. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, irin wanda muka taso da shi, yana ba da kusan lumen 800, mai wat 100 kuma kusan 1,600. Ke nan lumen 100,000 ya fi ƙwai 60 masu wat 100 a kunne lokaci guda. A cikin abin da ke shiga aljihun riga? Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 zuwa 150 a kan kowane wat. Kafin a samu 100,000 sai an ja wuta kusan wat 1,000, irin abin da dutsen guga ke ja. Batirin da ke ciki kuwa guda ɗaya ne, irin wanda ake kira 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na gaske mafi ƙarfi, irin na Samsung ko LG ko Panasonic, yana tsayawa ne wajen 3,500mAh. Ko shi aka ɗora wa wat 1,000, minti ɗaya ba zai kai ba. Don haka duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9900mAh, ƙarya ce tun daga takardar jikinsa, babu irinsa.

Ba wai babu tocila mai lumen 100,000 a duniya ba. Akwai Imalent MS18. Ƙwai 18 ne a kanta, batura takwas, har da fanka a ciki don zafi, kuɗinta ɗaruruwan daloli, kuma ita ma ba ta riƙe wannan hasken sai na ɗan lokaci kaɗan ta sauko. Mu kuwa ƙwai ɗaya ne a tamu. Irin ƙwan da ake yawan kwaikwaya, Cree XM-L T6, na asali ma iyakarsa wajen lumen 1,000 ne in an matsa masa.

To me ya sa bidiyon ya yi kyau haka? Kan tocilar ana jan sa gaba da baya. In an ja, gilashin yana tattara hasken wuri guda ya tafi nesa, har za ka ga ɗan murabba'i a bango, wanda siffar ƙwan ce kanta. Nisa ya ƙaru, amma yawan hasken bai ƙaru ba, raguwa ma yake yi don wani ya maƙale a cikin kan. Ga kyamarar waya da ke ƙara wa komai haske da dare. Ga shi kuma daƙiƙa ashirin na farko kawai suke ɗauka, lokacin da batiri ke cike. Ni ma da na gwada tamu a bangon makaranta haka ta yi, har na kira Mai Unguwa ina cika baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali batirin ne. Mai gyaran ya ɗora shi a ƙaramin sikeli, bai kai gram 30 ba, alhali na gaske yana kaiwa wajen gram 45. Ya ce wasu tsofaffin batura ne da ake cirowa daga kwamfutar cinya a sake musu riga, wasu kuma ƙaramin batiri ne a cikin gwangwani babba, har akwai waɗanda ake cika wa yashi don su yi nauyi, shi ya sa sikeli kaɗai ba ya wanke batiri. Na ce, "Malam, to su fashe?" Ya ce, "Alhaji, kar dai a bar su a caji a kwanta, kuma kar a ɗora su kan katifa." Yaranmu kuwa a ɗakin kwana suke caji, kusa da kai.

Wanda zai saya, ya je inda zai riƙe ta a hannu kafin ya biya. Ka kunna ta a bar ta minti goma a kan tebur kana hira da mai shago, ka ga ko tana nan yadda ta fara. Ka haska rufin ɗaki maimakon bango mai nisa, ka kwatanta yadda ɗakin ya yi haske da wata tocilar, nan ne lumen ke fitowa fili. Ka buɗe ka karanta batiri. Kamfanonin kirki suna bin wani ma'auni da ake kira ANSI FL1, wanda ya fito a 2009, za ka ga sun rubuta hasken kowane mataki da tsawon lokacin da yake ɗauka, ba lamba ɗaya ƙatuwa ba. Aikin sintiri a lungu, lumen 500 zuwa 1,000 na gaskiya ya wadatar, in dai za ta kai asuba.

Na tara shaidar tura kuɗi da hotunan tallar zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko da ban sa rai kuɗin zai dawo ba. Dattijon nan na mayar masa da 9,000 daga aljihuna, ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Sabuwar tallar da na gani jiya, bidiyon nan ne dai na mutumin kan dutse, sunan shafin kawai aka canja. Yanzu fitilar goshi suka ƙara, suna cewa ta masu haƙar kuza ce, lumen 200,000, a biya kafin a turo. Masu 'yan'uwa da ke shiga rami a wajen Bukuru da Barkin Ladi, ku tura musu wannan.